Rigar da Karimatu Ta Ƙi Farkewa

Hajiya Karimatu ba ta karɓar kaya a hannun mutum sai ta warware su a gabansa. Ko wando ka kawo a rage masa tsawo, sai ta zazzage aljihu, ta duba ciki da baya, ta nuna maka tabon da ka zo da shi, sannan ta rubuta a takarda ta ce ka sa hannu. Mutane da yawa suna jin haushin haka. Ni ma na ji haushi ranar da na fara kai mata rigar aikina ta asibiti. Daga baya muka gano ashe bene ɗaya muke zaune a unguwar Thamesmead da ke London, ita a hawa na huɗu, ni a na bakwai, kuma bas ɗaya muke shiga da safe zuwa Peckham kafin mu canja zuwa Camberwell. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiranta Yaya. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni a cikin bas.

'Yar Minjibir ce. Mahaifinta, Malam Mahamudu, masaƙi ne, kuma tun tana 'yar shekara shida take naɗa masa zare. Mace ba ta zama a masaƙar maza, amma zaman gefe da ta yi ya sa ta iya ƙirga zare da ido. Kakarta kuma ta koya mata kaɗi da mazari, da yadda ake cike ramin da asu ya ci a gwado har mai gwadon ya rasa inda ramin yake.

A 1999 ta biyo mijinta Shafi'u, wanda ya zo London karatu. Da bizarsu ta kusa ƙarewa sai suka haɗu da wani mutum, Bahaushe, da ke sallar Juma'a sahu ɗaya da Shafi'u. Ya ce shi lauya ne. Ya riƙa zuwa gidansu, har ya karɓi fasfo ɗinsu da takardun haihuwar 'yarsu, ya ce zai kai ofishin shige da fice da ke Croydon da kansa. Bayan mako uku wayarsa ta daina shiga. Da suka je inda ya ce ofishinsa yake, suka tarar ɗakin ajiya ne a saman shagon aski. Shekara shida suka yi ba takarda. A shekara ta huɗu Malam Mahamudu ya rasu, ta ji a waya, ba ta da hanyar zuwa.

“Da hannuna na zuba masa miya,” ta ce min. “Har ƙari ya nema. Tun daga ranar, in mutum ya yi min murmushi, hannunsa nake kallo.”

Takardunsu sun fito a ƙarshe. Shafi'u ya rasu a 2014, 'yarsu Ameera kuma tana aikin haɗa magani a Leeds, inda take kiran uwarta kullum, uwar na Hausa ita tana amsawa da Turanci. Karimatu ta ci gaba da zama a kusurwar da ta samu a shagon wanki da guga na Malam Issahaku, mutumin Zangon Kumasi, kusa da taga, da kekenta da akwatin allurai. Sunanta ya fita a ɗinkin da ba a gani. Masu kayan wasan kwaikwayo da masu tsofaffin kwat na ulu suna ƙetaro kogin da ya raba London biyu don ita.

Shekara uku da suka wuce, Malam Issahaku ya ɗauki sabuwar mai guga, wata gajeriyar mace 'yar ƙasar Peru mai suna Faustina, mai kitso biyu har gadon baya. Turancinta kaɗan ne, maganarta ma kaɗan ce. Amma Karimatu ta lura cewa duk lokacin da take ɗinki, idon matar yana kan yatsunta.

“Malam, a ina ka samo ta?”

“Hajiya, ka bar shi,” in ji Malam Issahaku, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. “Wannan mata ya iya aiki. Paper nashi complete.”

“Ka gani da idonka?”

“Na gani, na yi photocopy.”

Duk da haka ta fara tafiya gida da littafin da take rubuta sunayen masu kawo mata aiki.

Mako biyu da zuwan Faustina, wata Litinin da rana ana yayyafi, wani Bature ya shigo da faffaɗan kwali a hammata. Dattijo ne mai tsafta, takalminsa na fata mai tsada, muryarsa a tausashe. Ya ce sunansa Mista Tolland, kuma an ce masa duk kudancin London babu mai hannunta. Ya jira har mutum biyun da ke shagon suka fita kafin ya ɗora kwalin a teburinta.

A ciki, tsakanin fararen takardu, akwai wata 'yar riga marar hannu, kamar 'yar shara, wadda ba za ta wuce jikin yaro ɗan shekara ɗaya ba. Launinta ja ne mai duhu. A ƙugu akwai layuka na ƙananan murabba'ai, kowanne da zanensa daban, baƙi da fari da ruwan ɗorawa. A bakin ƙasa kuwa akwai jerin ƙananan zakuna, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, da zaren azurfa da ya yi baƙi saboda daɗewa.

Da Turanci ya yi bayani. Ya ce rigar gwaggonsa ce, Margaret, tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai. Mijinta ne ya zo da ita daga Kudancin Amurka, rigar mutanen Inka ce ta ainihi. Sai dai wata mata a danginsu ta ɓata ta da waɗannan zakuna da zaren azurfa. Abin da yake so, a cire zakunan, a cike gurbin da jan ulu, a mayar da ita yadda take a asali.

“Me ya sa ba ka kai wa masu gyaran kayan tarihi ba?” ta tambaya.

“Suna da jinkiri. Gwaggo kuma tana so ta gan ta kafin ta mutu.”

Ta jawo takardarta za ta rubuta, ya ɗora yatsa biyu a kai yana murmushi. Ya ce ba sai an rubuta ba, abu ne na iyali. Ya kuma roƙi kada a ɗauki hoto, domin haske yana kashe launi. Karimatu ta kalli yatsun. Ta ce sai ta samo zaren da ya dace, ya bar rigar zuwa Alhamis, kuma ya ba ta lambar gwaggon, don ba ta taɓa kayan tsohuwa sai ta ji daga bakinta. Sannan ya rubuta lamba a bayan katin wani gidan abinci ya fita.

Ta wanke hannu, ta sa gilashinta, ta kai rigar bakin taga. Abu na farko da ya tsayar da ita, ba ta samu bayan rigar ba. Ciki da waje iri ɗaya ne, babu bakin zare ko ɗaya da ya leƙo. Na biyu, babu inda almakashi ya taɓa. Babu kalmasa, domin kowane gefe a saƙe aka rufe shi, har tsagar wuya a cikin saƙa aka bar ta. Ta ƙirga zare a faɗin farcenta ta ɓata lissafi sau biyu. A Minjibir ba ta taɓa ganin saƙa mai ƙanƙanta haka ba.

Sai ta koma kan zakunan. Ɗinkin da aka ɗora daga baya yana zama ne a saman yadi, allura tana barin hanyarta. Waɗannan kuwa a cikin jikin rigar suke. Zaren azurfar ya shiga ya fita tare da jan, a layi ɗaya, da ja iri ɗaya. Hannun da ya saƙa wuya shi ya saƙa zakuna. Mutumin ƙarya ya yi mata.

Ta kai rigar hanci, ta ji tsohon hayaƙi da wani ƙamshi kamar na turaren wuta. A kafaɗa akwai ɗigon kakin kyandir da ya daskare. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne, daga kabarin yaro aka tono ta.

A nan ne ta ji ƙarar dutsen guga ya bugi ƙarfe. Faustina ce a bayanta, ta rufe baki da hannu ɗaya, ɗayan yana yin alamar gicciye a ƙirjinta. Ta faɗi wata kalma sau uku, “Unku, unku, unku,” ta miƙo hannu. Karimatu ta rufe kwalin.

Da muka haɗu a bas da yamma, Yaya ta riga ta gama shari'arta.

“Bakinsu ɗaya,” ta ce. “Ki duba mana. Shekara ashirin ina shagon nan ban taɓa ganin ɗan Peru ba. Yau ga mai guga 'yar Peru, mako biyu ga rigar Peru. Shi ya turo ta ta duba ko na iya, ta kuma sa min ido. In abin ya fashe, wa za a kama? Baƙar mace mai allura.”

Na ce mata akwai 'yan Kudancin Amurka da yawa a wannan yankin, muna ganinsu a asibiti kullum. Ta ce wannan bai wanke kowa ba. Ta ciro katin ta kira lambar, ta sa a amsa-kuwwa. Mace ta ɗauka, ta ce e, ita ce Margaret, ta san da maganar, a yi duk abin da ya ce. Muryar a tsaye take, cike da ƙarfi, ana jin ƙarar na'urar buga takarda a bayanta. Karimatu ta tambaye ta a wace shekara mijinta ya zo da rigar. Matar ta ce layin ba kyau, ta kashe.

“Kin ji 'yar shekara tamanin da bakwai,” in ji Yaya.

Washegari ina hutu, ta ce in zo shagon in zama mata shaida. Muka tarar Faustina ta riga mu, da wata doguwar jaka. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ciro wasu sanduna da zare a jere, ta ɗaura gefe ɗaya a bututun ruwan zafi, ɗayan ta ɗaura a ƙugunta, ta zauna a ƙasa ta jingina baya har zaren ya miƙe. Ta fara tsintar zare da wani ɗan ƙashi mai tsini. Karimatu ta tsaya a kanta hannu a ƙirji. Minti goma, minti ashirin. Sai na ga ta jawo kujera. Can ta sunkuya ta taɓa gefen saƙar, ta ga yadda zaren yake juyowa ya rufe kansa, daidai da gefen rigar.

“Wannan dai ba a koyonsa a mako biyu,” ta ce da Hausa. Sannan da Turanci, “Wa ya koya miki?”

Faustina ta ce kakarta, a wani ƙauye a duwatsun da ke sama da Kusko. Ta yi shekara tara a wata ƙungiyar masaƙa mata, inda suke sayar da saƙa suna yi wa baƙi bayanin tarihinta. Kallon da take yi wa hannun Karimatu kuwa, tun da ta bar gida ba ta ga mai riƙe zare haka ba.

Malam Issahaku ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe lokacin abincin rana. Da guntun Turancinta, da hannu, da wayata da ke fassara mana Sifaniyanci, Faustina ta ba mu labarin. Ta ce a zamanin sarakunan Inka tufa ta fi zinariya daraja. In sarki zai girmama mutum, riga yake ba shi. In an ci gari da yaƙi, riga ake ba shugabanninsa. Talaka ba ya biyan haraji da kuɗi, aiki yake bayarwa: ya noma gonar sarki, ya gyara hanya, gidansa kuma ya saƙa abin da aka yanka masa da ulun da hukuma ta ba shi, a kai rumbunan da ke jere a gefen duwatsu. In fari ya zo, daga rumbunan ake ciyar da mutane. A ƙauye kuma dangi suna yi wa juna aiki, yau gonarka gobe tawa.

“Gayya ke nan,” in ji Yaya. “Ci gaba.”

Ta ce saƙa mafi kyau, mai fuska biyu, wasu maza ne gwanaye suke yin ta, da wasu mata da ake zaɓowa tun suna yara a killace su a gidaje na musamman. Ulun daga gashin alpaka yake da danginta, dabbobi masu kama da ƙaramin raƙumi marar tozo. Jan launin kuma daga wani ƙwaro da ke zama a jikin tsiro mai ƙaya. Kuma ba a yanka tufa. Yadda za a sa ta, haka ake saƙa ta.

“Yaran da ake killacewa, iyayensu sun yarda?” Yaya ta tambaya.

Faustina ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ba a tambayarsu.

“To, su ma ba waliyyai ba ne.”

Faustina ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Ta ce sai Turawan Sifen suka zo, kusan shekara ɗari biyar ke nan. Su zinariya suke nema, suka narkar da duk abin da suka samu. Mayaƙan Inka kuwa in za su ja da baya, rumbunan tufafi suke cinna wa wuta don kada baƙin su samu. Sifaniyawa suka kawo tumaki da siliki da almakashi, da masaƙa mai takawa da ƙafa. Suka buɗe gidajen saƙa inda ake tara mutane da ƙarfi a kulle ƙofa, wasu kuma aka tura su ramukan azurfa. Na ga Yaya ta sunkuyar da kai da aka ambaci masaƙar ƙafa, domin irinta mahaifinta ya taka har ya tsufa.

Amma jikokin sarakunan ba su daina sa rigunansu ba, in ji Faustina. Ranar bukukuwan coci sukan fito da su, sun ƙara musu zakuna irin na tutar Sifen da zaren azurfa, don baƙin su ga alamar biyayya, su kuma su ci gaba da ganin murabba'an kakanninsu a ƙugu. A wasu coci-coci har suka riƙa saƙa 'yar ƙaramar riga irin ta sarkin Inka suna sa wa mutum-mutumin jaririn Maryamu. Bayan wani babban tawaye, hukumar Sifen ta haramta tufafin Inka, wasu aka ƙwace, wasu mutane suka ɓoye.

Ta nuna kwalin. Ta ce wannan unku ce, sunan irin rigar ke nan a yarensu, kuma ba daga kabari take ba kamar yadda Yaya ta zata, daga coci take. Kakin kyandir da turaren shaida ne. In aka cire zakunan, za a ce tun kafin zuwan Sifen aka saƙa ta, kuma babu cocin da zai iya cewa tasa ce.



“Subhanallahi,” in ji Malam Issahaku. “Hajiya, ka mayar mishi kawai. Police zai zo, council zai zo, za a rufe shop. Ni ba ni so wahala.”

Karimatu ma ba ta son ofis. Ko wasiƙar likita ta zo, sai ta kwana biyu a kan tebur kafin ta buɗe. Kuma zancen sa wa mutum-mutumi riga, har a ce Annabi Isa ne, bai kwanta mata a rai ba. Ta yi ta istigfari a hankali. Amma ta ce sata sata ce, ko daga gidan wa aka yi ta. Ba za ta riƙe rigar ba, domin ba ta da hujjar da hukuma za ta karɓa, kuma mutum irin Tolland cewa zai yi ita ta sace. Amma ba za ta bari ta fita yadda ta shigo ba tare da shaida ba.

Ranar Laraba ba ta yi wa kowa ɗinki ba. Ta shimfiɗa rigar a bakin taga, ta ajiye tef ɗin awo a gefe, na ɗauki hoto fiye da sittin. Ita ba ta yarda da waya ba, ta ce ana iya goge abin da ke ciki daga nesa. Sai ta sayo takarda mai gida-gida ta zana bakin rigar zare bayan zare, zaki goma sha huɗu, har da wanda masaƙin ya yi kuskure a wutsiyarsa. Faustina tana riƙe mata madubin ƙara girma. Ko a lokacin, in Faustina za ta shiga bayi, sai Yaya ta bi jakarta da ido.

Alhamis da hantsi Mista Tolland ya dawo. Ta buɗe kwalin a gabansa. Ya ga zakunan suna nan.

“Ba ki samu zaren ba ne?”

“Na samu. Ba zan yi ba. Wanda ya saƙa wuyan shi ya saƙa zakunan, kai ma ka sani.”

Ya yi murmushi, ya ce ita tela ce, ba masaniyar tarihi ba. Ta ce haka ne, shi ya sa take magana a kan zare kawai. Ta tura masa takarda ta ce ya sa hannu ya karɓi kayansa lafiya. Ya ƙi. Ta nuna masa kyamarar da ke saman ƙofa. A nan muryarsa ta canja, ko da yake bai ɗaga ta ba. Ya dubi Faustina, ya dubi Malam Issahaku, ya ce yana fata kowa a shagon nan yana da izinin aiki a ƙasar, domin yana da abokai da ke sha'awar irin waɗannan wurare.

Karimatu ta buɗe jakarta. Tun ranar da aka ba ta fasfo ɗin Birtaniya ba ta taɓa fita ba tare da shi ba. Ta ajiye shi a kan tebur, ta danne da tafin hannu.

“Ka gaishe min da Margaret,” ta ce.

Ya ɗauki kwalinsa ya fita. Da ƙofar ta rufe, Faustina ta zaunar da ita ta ba ta ruwa.

Mako na gaba ita da Faustina suka kai hotunan ofishin jakadancin Peru. Wata ma'aikaciya ta karɓa da ladabi ta ce za a bincika. Wata takwas babu labari. Yaya ta zargi ma'aikaciyar, ta zargi Malam Issahaku da cewa ya kira mutumin ya ba shi haƙuri, ta dawo ta sake zargin Faustina da sayar da hotunan. Har ita da Faustina sun yi mako uku ba sa gaisawa, kowa na aikinsa da baya ga ɗaya.

Sai wata safiya wata 'yar sanda cikin farin kaya ta shigo tana neman Misis Karimatu. Yaya ta sa ta nuna katinta, ta kira lambar ofishinsu ta tabbatar, sannan ta ba ta kujera. Matar ta ce ofishin jakadancin ne ya tura musu hotunan, kuma an fito da rigar za a yi gwanjonta a wata ƙasar Turai, an rubuta cewa ta kafin zuwan Sifen ce. Ta nuna hoto. Zakunan babu su. Wani ya yi aikin, kuma bai iya ba, domin ko a hoto Yaya ta ga inda jan ya bambanta. Amma murabba'an ƙugu da ɗigon kakin sun yi daidai da hotunanmu, zanenta kuma ya yi daidai da wani tsohon hoto da aka ɗauka a cocin wani ƙauye kafin ɓarayi su fasa shi shekaru arba'in da suka wuce. An dakatar da gwanjon.

Yaya ta daɗe tana kallon gurbin zakunan. Ta ce da ta sani da ta riƙe rigar, ko da za a kai ta kotu. Har yau ba ta daina faɗin haka ba, ko da yake duk mun san ba za ta iya ba.

Ba a gurfanar da Tolland ba. Ya ce shi ma saya ya yi da zuciya ɗaya, takardun da aka ba shi kuma sun ɓata. Bayan shekara ɗaya da rabi ana musayar wasiƙu, aka mayar da rigar Peru, amma ba ƙauyen ba, gidan tarihi aka kai ta a babban birni, wai cocin ba shi da tsaro. Faustina ta yi kuka don takaici. Yaya ta ce ita dama ba ta sa ran wani abu daban ba.

Faustina ta yanke shawarar za ta koma gida ta saƙa wa mutanen ƙauyen wata a madadinta. Ta roƙi Karimatu ta taya ta aikin zaren azurfa. Yaya ta kwana uku tana tunani, sannan ta ce mata, a gabana, ba za ta sa hannu a rigar da za a sa wa mutum-mutumi ba, addininta bai yarda ba, kada ta ji haushi. Amma zanen ba nata ba ne, na wanda ya saƙa ne, don haka ta ba ta. Ta kuma haɗa mata da allurai biyu daga cikin waɗanda ta zo da su daga Kano. Faustina ta rungume ta, Yaya ta tsaya ƙiƙam kamar itace, sai can ta ɗan bubbuga mata baya.

Yanzu wata biyar ke nan da tafiyarta. Takan aiko da saƙon murya ranar Lahadi, rabi Turanci rabi yarensu, Yaya ta saurara sau biyu ta amsa da Hausa. Ban san me suke fahimta ba. Aikin dai ya kai ƙugu, in ji Faustina, kuma zai ci shekara.

Karimatu ta rage zuwa shago, kwana uku take yi a mako, saboda yanar ido ta fara rufe mata idon dama. An sa mata ranar aikin idon a watan gobe. Ameera ta ce za ta ɗauki hutu ta zo. Jiya a bas Yaya ta miƙo min wasiƙar asibitin, ta ce tunda a can nake aiki, in bincika mata sunan likitan, da inda ya yi karatu, da ido nawa ya taɓa yi, da kuma nawa ne a cikinsu suke gani har yanzu.